Amsa ga mai neman hanyar burji ta hawa keke a Filato

Malam kace kana neman inda zaka taka keke a hanyar burji mai duwatsu da daji da rafi, ba kwalta ba. Toh ni dai Jos zan nuna maka. Garin kansa yana wajen mita 1,200 sama da teku, kaga iskar akwai sanyi, ba irin zafin Kano ba. Ka fara da gefen duwatsun Shere a gabashin gari, hanyoyin ƙauye ne jar ƙasa da tsakuwa, hawa kam sai ka sauko ka tura wallahi, ba abin kunya bane. In ƙafarka ta saba sai ka gangara ta Riyom zuwa Hawan Kibo har Assop, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, nan itatuwa suke da yawa, amma babban titi ne, ka kula da tireloli kuma ka duba birkinka tun kafin gangara.

Kar kaje da damina, laka zata cika maka sarƙa kuma rafi na cika ba sallama. Nuwamba zuwa Janairu yafi. Ka tanadi taya mai faɗi, faci, famfo, ruwa gora biyu. Ni ƙaya ta taɓa fasa min taya sau biyu rana ɗaya! Kuma ka tambayi 'yan gari batun tsaro, kar ka shiga daji kai kaɗai.