Ƙanena ya fara kafirta mutane, Hajiya ta ce kada a kai ƙararsa: mene ne hukunci?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Karantina ne a Jidda. A nan aka haife mu, iyayenmu ne suka zo daga ƙasar Kano. Ina da ƙane ɗan shekara 22, yana aiki a shagon gyaran waya. Wata shida ke nan ya daina sallah bayan limamin unguwarmu, wai malamin gwamnati ne, askar kuwa, wato jami'an tsaro, duk murtaddai ne a wurinsa. Kwana yake yi yana kallon bidiyon Da'ish a Telegram. In na yi masa magana sai ya jero min Iraƙi da Guantanamo da Gaza, ya ce duk Baturen da aka samu jininsa ya halatta, tunda harajinsa ne ke sayen bama-baman. Makon jiya ya nemi rancen riyal 2000, da na matsa ya ce wasu 'yan uwa zai tura wa a yankin Tafkin Chadi. Hajiyarmu ta ce duk wanda ya kai ƙararsa ba ta yafe ba, ni ma kuma ina tsoron abin ya taɓa iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu a Saudiyya. Ya halatta in sanar da hukuma? Sannan Malam, maganarsa kan Turawa ta tsaya min a rai. Mu kaɗai za a riƙa ce wa mu gyara? Su me ya hau kansu?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan uwa, Allah ya saka maka da alheri da ba ka yi shiru ba, ya kuma shiryi wannan yaro.

Zan fara da hujjarsa, domin in ba ka iya amsa ta ba, kai ma wata rana za ta ɗauke ka. Abin da ya jero ba ƙarya ba ne. An mamaye Iraƙi a 2003 da sunan makaman ƙare dangi, ba a kuma samu makaman ba. Hotunan kurkukun Abu Guraib da suka fito a 2004 mun gan su da idonmu. Guantanamo tun 2002 aka buɗe shi, an tsare mutane shekara da shekaru ba shari'a. Kada ka yi masa musu a kan wannan, in ka yi zai ɗauke ka maƙaryaci ya toshe kunnensa. Inda ya ɓata shi ne tsallen da ya yi daga "an zalunce mu" zuwa "kowa ya halatta". Allah da kansa ya rufe wannan ƙofar a suratul Ma'ida, aya ta 8, inda ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Ya kuma faɗa a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani.

Baturen da ke aiki a Jidda ko Yanbu ko Riyad da biza ya shigo, biza kuwa aminci ne da hukumar Musulmi ta ba shi. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya kashe wanda aka yi alƙawarin aminci da shi ba zai ji ƙamshin Aljanna ba, alhali ana jin ƙamshinta daga tafiyar shekara arba'in. A Makka, ranar da aka buɗe garin, Ummu Hani ta bai wa mushriki mafaka, ɗan uwanta Sayyidina Ali yana neman kashe shi, Annabi ya ce mun amintar da wanda kika amintar. Amincin mace ɗaya ya tsare jinin mushriki a ranar yaƙi, balle na hukuma a ranar zaman lafiya. Haka Musulmin da ya shiga Ingila ko Faransa da takardarsu: ya ɗauki alƙawari. Huzaifa da mahaifinsa Ƙuraishawa sun tare su a hanya, suka sa su alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Ranar Badar ce fa, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, ana buƙatar kowane hannu, amma Annabi ya ce su koma, za mu cika musu alƙawarinsu mu nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ne ya ruwaito.

Batun haraji kuwa, ka tambaye shi: matan Ƙuraishawa ba su suke ciyar da mayaƙansu ba? Duk da haka Annabi ya hana kashe mata da yara, ya aika wa Khalid kada ya kashe mace ko ɗan ƙwadago. A Fabrairun 2003 dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Landan suna cewa kada a yaƙi Iraƙi. Su ma haraji suke biya. Musulmin da ke zaune can su ma suna biya.

Sannan ka sa ya duba wa ake kashewa a zahiri. A Disambar 2004 wasu suka kai hari ofishin jakadancin Amurka da ke nan Jidda, ma'aikata 5 suka mutu, babu Ba'amurke ko ɗaya a cikinsu. A ƙarshen azumin 1437, wato Yulin 2016, wani ya tayar da bam dab da Masallacin Annabi a Madina lokacin buɗa baki, ya kashe askar 4. Dattawanmu na Makka har yau suna tuna asubar 1 ga Muharram 1400, da Juhaiman da mutanensa suka rufe ƙofofin Harami, aka yi mako biyu ba ɗawafi. Kuɗin da yake son turawa Tafkin Chadi, ya san hannun da za su faɗa? Masu wannan aƙida ne suka shiga babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwambar 2014 suka kashe masallata sama da 100, a garin kakanninsa. Annabi ya siffanta Khawarij da cewa suna kashe ma'abota Musulunci suna barin masu bautar gumaka, ya kuma ce samari ne masu ƙarancin tunani, za ka raina sallarka in ka ga tasu. Don haka yawan ibadar ƙanenka kada ya rikita ka. Wanda ya sari Sayyidina Ali a Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40 ɗauka ya yi lada yake nema.

Yanzu hukuncin kai ƙara. Matuƙar abin yana bakinsa ne, shubuha ce yake maimaitawa, wajibinka nasiha ne da jan sa a jiki. Kada a kore shi daga gida, kada a daina cin abinci da shi, domin masu ɗaukar irin waɗannan yara abin da suke jira ke nan, ya ji ba shi da kowa sai su. Ka kai shi gaban malamin da zai iya zama da shi har tsakar dare yana warware masa aya bayan aya, ba mai tsawa ba. Ibnu Abbas ya shiga sansanin Khawarij shi kaɗai, ya saurari abubuwa uku da suke tuhumar Ali da su, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, dubbai suka dawo. Na zauna da samari irinsa, kuma wallahi da yawansu zafin zuciya ne da ƙarancin karatu, in suka samu mai saurarensu suna saukowa.

Amma maganar riyal 2000 ta sauya lissafi. Haramun ne ka ba shi, ko da sunan rance, kuma ka hana duk wanda ka san zai ba shi. Ka zaunar da shi cikin kwanakin nan, kai da babba a dangi, ku tambaye shi kai tsaye: ya taɓa turawa? Ya yi wa wani mubaya'a? Akwai wanda ke ba shi umarni? Yana shirin tafiya? In ya tabbata ya yi ɗaya daga cikin waɗannan kuma ya ƙi yankewa, ko ka ga alamar makami ko shirin cutar da wani, to sanar da hukuma ya zama wajibi a kanka, ba halas kaɗai ba, kuma in batun hari ne ba ka da izinin jinkirta ko da kwana ɗaya. Wannan ba giba ba ce, ba kuma cin amana ba. Annabi ya ce ka taimaki ɗan uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yadda ake taimakon azzalumi ya ce ka hana shi zaluncin. A Muslim kuma ya zo cewa Allah ya la'anci wanda ya ɓoye mai ɓarna.

Ba zan ɓoye maka ba, abin yana da nauyi. Ana iya ɗaure shi, ana iya yi masa tarhil, wato a kore shi zuwa ƙasar da bai taɓa zama ba, ku ma za a kira ku a yi muku tambayoyi. Sai dai gidan da ya kai kansa ba ɗaya yake da gidan da aka gano ya sani ya rufe ba, kuma tsoron iƙama ba ya halatta a bar jinin mutane ya zuba. Hajiya uwa ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi take ji. Ka durƙusa ka yi mata bayani da taushi, cewa ɗa a kurkuku ana ziyartarsa ana sa ran tubansa, wanda ya tarwatse da bam ko gawarsa ba a samu a yi wa wanka. In duk da haka ta ƙi, babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci, kuma bakin da aka yi ba bisa haƙƙi ba ba ya kama wanda ya tsaya kan gaskiya. Ka ci gaba da yi mata hidima fiye da da.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Fatawata ba ta hawa kan gwamnatin Amurka ko Faransa, amma adalci ba Musulmi kaɗai aka ɗora wa ba, kuma zan faɗi abin da nake gani. Suna da haƙƙin kare mutanensu, wanda ya kai hari su kama shi su kai shi kotu. Niyu Zilan haka ta yi da wanda ya kashe Musulmi 51 a masallatan Christchurch a 2019: shari'a a fili, ɗaurin rai da rai. Abin da ba su da haƙƙinsa shi ne a hukunta gari saboda mutum ɗaya. A Agustan 2021 jirgin Amurka marar matuƙi ya kashe mutum 10 'yan gida ɗaya a Kabul, 7 yara ne, daga baya sojojin Amurka da kansu suka ce kuskure ne. Kowane irin wannan kuskure bidiyo ne da zai iso wayar ƙanenka. Bagadadi da ya shugabanci Da'ish ya zauna a kurkukun Amurka na Buka a Iraƙi a 2004, ƙungiyar kuma cikin kangon da mamayar ta bari ta yi ƙarfi. An rusa Libiya a 2011 ba a tanadi abin da zai biyo baya ba, makamanta suka gangaro Mali, mutanenmu na Sahel ne ke biya har yau. Su daina kunna wutar da ba za su iya kashewa ba, su daina ɗaukar hijabi da gemu a matsayin shaidar laifi.

Kuma su saurari Musulmi in sun zo da gargaɗi. A Nuwambar 2009 Alhaji Umaru Mutallab, dattijo ɗan Funtuwa, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ce yana tsoron ɗansa ya faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi a Yaman. Ba a soke bizar yaron ba. Bayan 'yan makonni ya hau jirgin Amsterdam zuwa Detroit da abin fashewa a jikinsa, Allah ne kaɗai ya tsare bai tashi ba. Uban ya sauke nauyin da ke kansa, sakacin na wasu ne. In Hajiya ta ce ba a taɓa jin Bahaushen da ya kai ƙarar jininsa ba, ka ba ta labarin wannan dattijo.

Kada ka bar Juma'ar nan ta wuce ba ku yi zaman da na ce ba. In yaron ya yarda, ka kawo min shi bayan Isha, zan zauna da shi. Wallahu a'alam.