Daga bayan kyamara zuwa kujerar darakta: hanyar Freddie Francis

Ɗan'uwa, ka ce kana ɗaukar hoton fim, kana son komawa ba da umarni a finafinan ban tsoro, kana tambaya ko wani ya taɓa haɗa biyun. Ƙwarai kuwa, Freddie Francis, mutumin Landan, haihuwar 1917.

Daga ƙasa ya taso, yana yaron masu kyamara, sai a 1956 ya zama shugaban ɗaukar hoto. Fim ɗin Sons and Lovers na 1960 ya kawo masa Oscar, babbar lambar yabo ta finafinai a Amurka. Amma ni wanda nake so ka zauna ka kalla shi ne The Innocents na 1961. Ya sa gilashin da ke duhunta gefe-gefen hoto a gaban kyamara, mace na tafe da kyandir, kai kuma idonka na ta laluben abin da ke laɓe a lungu. Babu jini, amma tsigar jikinka sai ta tashi.

Daga nan ya shiga ba da umarni a kamfanonin Hammer da Amicus, masu shirya finafinan ban tsoro a Birtaniya. Lura da nan: da aka san shi da ban tsoro, kusan irin waɗannan finafinan kaɗai ake kawo masa. Ya koma kyamara da The Elephant Man a 1980, sannan Glory na 1989 ya ba shi Oscar na biyu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauka cewa duhu kashe fitila ne. A'a, tsara shi ake yi. Kuskure na biyu shi ne ka shagala da kyan hoto ka bar 'yan wasa ba jagora.

Batun fitilu da wayoyin lantarki kuwa, nemi gogaggen mai haske ya tsaya maka. Kwangila ma kada ka sa hannu sai lauya ya duba.