Wai mai wayo da mai hankali duk abu ɗaya ne?

Malam, ka ce wai wayo da hankali duk ɗaya ne, kuma mawaƙi wanne yake da shi. Gaskiya ba ɗaya ba ne sam. Dubi Gizo a tatsuniya, wayo kam ai har ya yi masa yawa, amma sau nawa yake ƙarewa da kunya saboda kwaɗayi ya rufe masa ido? Shi hankali hangen ƙarshen abu ne, shi ya sa Hausawa ke cewa hankali ke gani, ido gululu ne.

Mawaƙi kuma abin da ake nema wajensa azanci ne, wato ya ɗauko maganar da kowa ya sani ya ɗora ta a inda ba ka zata ba har ka ce kai! Ai ya zo a Bukhari cewa daga cikin waƙa akwai hikima, lura fa, daga ciki aka ce, ba duka ba. Nana Asma'u da ta rasu a 1864 da waƙa ta karantar da mata, jajis ɗinta, wato malamai mata da ta horar, su haddace su shiga ƙauyuka suna rerawa, ita kam ni a ganina ta haɗa azancin da hankalin.