Aikin masanin shinkafa ba zaman ofis ba ne

Ƙanena, ka tambaya ko masanin shinkafa zaman ofis yake yi. Wallahi rabin rayuwarsa cikin taɓo take. Je fadamar Wurno ko Goronyo da rani, za ka gan shi ya naɗe wando yana ƙirga reshen kowane gindi. Yakan barbaɗa garin furen wani iri a kan wani, ya rufe zangarniyar da takarda, sannan ya yi shekaru yana zaɓe. Haka Monty Jones ɗan Saliyo ya haɗa shinkafar Afirka da ta Asiya aka sami sabon irin shinkafa mai suna NERICA, har ya ci kyautar abinci ta duniya a 2004. In kana da haƙuri, nemi horo a cibiyar binciken hatsi ta Badeggi, jihar Neja.