Ni ma na sha wannan wahalar, ƙanwata

Assalamu alaikum. Ƙanwata, wallahi da na karanta tambayarki sai na ji kamar ni ce na rubuta ta a shekarun baya. Kin ce yaranki na JSS 1 suna karanta shafi guda tiryan-tiryan, amma da kin rufe littafi kin ce "to, me ya faru?" sai su zuba miki ido, in kuma insha'i ne layi uku sun gama. Kin ce a wajen bita an nuna muku zanen tsara tunani, da'irori da akwatuna, kina tambaya ko zai yi aiki a aji mai yara sama da tamanin. Yana yi. Amma bari ki fara jin abin da ya jawo mini.

Lokacin ina koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandare a nan Daura. Ranar wata Talata na cika allo da da'ira biyu masu shiga juna, muna kwatanta gero da dawa. Yara sai ɗaga hannu suke, har da wata yarinya ta bencin baya da ban taɓa jin muryarta ba. Sai ga mai duba makarantu ya shigo, shugaban makaranta na biye da shi. Ko sallamar kirki bai yi ba. Ya tsaya ya ƙare wa allon kallo, ya juyo ya ce, "Malama, nan ajin Hausa ne ko ajin zane?" A gaban yarana fa! Ya karɓi littafin shirin darasina yana jujjuyawa, wai ina aka rubuta da'ira a manhaja. Na buɗe baki zan yi bayani ya ɗaga mini hannu. Ya ɗauki tsumma da kansa ya goge allon tas, ya ce in rubuta musu bayani su kwafa kamar yadda kowa ke yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shugaban namu, wanda kwana uku kafin nan ya leƙo ajina ya ce "madalla, ci gaba", ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, ko tari bai yi ba. Na shiga ofishin malamai na kifa kai a tebur na yi kuka mai isata. Washegari aka miƙo mini takardar neman bahasi. Har zangon ya ƙare yara in sun hango ni sai in ji ana raɗa "Malama mai da'ira". Kuma kin san abin haushi? Bayan shekara biyu aka tura mu bita Katsina, wa zan gani riƙe da maka yana zana da'ira biyu a kan farin allo, yana cewa sabuwar dabara ce? Shi mai duba makarantun nan! Bai ma gane ni ba. Sabuwa kuwa, alhali wani Bature ɗan Ingila, John Venn, ya fito da wannan zane tun 1880. Na yafe dai, amma ban manta ba. Shi ya sa nake cewa duk zanen da za ki yi, ki sa shi a shirin darasinki a sa hannu tukuna.

To, koma kan yaranki. Kada ki fara da da'ira. Fara da labarin da suka riga suka sani, don kada wahala ta zame musu biyu. Ni da na Bayajida na fara, tunda ba yaron Daura da bai san rijiyar Kusugu ba. Na ja akwati biyar a jere da kibiya a tsakani, na bar su fayau. Na ce wa ya zo? Ya sauka gidan wa? Me ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a? Me ya yi? Me ya biyo baya? Su suka cika: baƙo, tsohuwa Ayana, maciji, ya sare kansa, ya auri Daurama. Kalma biyu ko uku a kowane akwati, ba jimla ba. Sai da hannunsu ya faɗa da wannan sannan na kawo labarin da ba su taɓa ji ba daga littafin karatu.

Babban kuskurena na farko, kuma na ga malamai da yawa suna yin sa: ni nake cika akwatunan a gida, in zo da kwali mai kyau da maka kala-kala in manna. Yara su kwafa tsaf, ni ina jin daɗi. Ashe kwafar bayani ce ta sake riga. Wanda ya cika akwatin shi ya yi tunanin. In ke kika cika, ke kika koyi darasin. Ki bar su su yi mummunan zane da hannunsu.

Maganar kayan aiki kuwa, kada ki kashe albashinki, wanda ko wata bai kaiwa, wajen sayen kwali. Bayan tsohuwar kalanda ya isa, kwalin taliya ma in an buɗe shi ya isa. Mafi araha shi ne tafin hannu. Yaro ya ɗora hannunsa a littafi ya zagaye da fensir, kowane yatsa tambaya ɗaya: wa, me, ina, yaushe, don me. Ranar da ba littafi ma hannun na jikinsa. Na taɓa ganin yaro a ɗakin jarrabawa yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, na san abin da yake yi, na kau da kai ina murmushi.

Inda abin ya fi ba ni wuya shi ne fitowa daga akwati zuwa rubutu. Za ki ga zane ya cika, ki ce to a mai da shi insha'i, su sake zuba miki ido. Nan ne na rubuta kalmomin haɗi a gefen allo na hana a goge: da farko, daga nan, sai dai, saboda haka, a ƙarshe. Kowane akwati jimla biyu, a fara faɗa da baki ga na kusa kafin a rubuta. Da yawan nan naki, benci ɗaya zane ɗaya, ki riƙa zagayawa. Ba za ki iya duba littafi tamanin kullum ba, kada ki kashe kanki, ni hawan jini na samu a wannan ƙoƙarin, ga yara a gida, ga girki, maigida kuma yana ganin aikin malanta ai zama ne a inuwa.

Akwai jadawalin nan mai gida uku da suke so a bita, abin da na sani, abin da nake son sani, abin da na koya, na wata malama ce a Amurka, Donna Ogle, tun 1986. Ni gaskiya gidan tsakiya ya ƙi mini. Yaranmu an tashe su a kan cewa yawan tambaya rashin kunya ne, sai su bar shi fayau. Sai da na ce kowane benci ya rubuto tambaya a 'yar takarda ba suna, sannan aka fara samu.

Af, ki kuma bincika da kyau, cikin tamanin ɗin nan akwai waɗanda ba karatu suke ba, hadda suka yi daga bakin na kusa. Nuna musu kalma ɗaya a tsakiyar shafi ki gani. Irin waɗannan zane ba zai yi musu komai ba, sai kin koma da su kan baƙi da wasali, ko da minti goma ne lokacin tara.

Zuwa zango na uku ki fara janye zanen daga allo, domin ranar jarrabawar JSS 3 ba wanda zai ja musu akwati. Su saba yin ɗan ƙarami da fensir a gefen takarda cikin minti biyu. Ina da hotunan wasu da yarana suka yi bara, har da na ambaliya mai siffar bishiya, dalilai a saiwa, sakamako a rassa. In na sa data da yamma zan turo miki.