Amsa ga mai tambaya kan Cloudlifter da muryar da ba ta tashi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi makirufo Shure SM7B don ɗaukar karatu, murya na fitowa ƙasa-ƙasa, in ka murɗa maɓallin ƙarfi har ƙarshe kuma sai wata ƙara "shuuu" ta cika ko'ina, shin Cloudlifter, ƙaramar na'urar da ke ƙara wa siginar makirufo ƙarfi, zai raba ka da ita?

Na daɗe ina ɗaukar tafsirin azumi a masallacin unguwarmu, na sha fama da wannan. Ƙarar nan ba daga makirufon take ba, miksarka ce ko sawunkad ɗinka (na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta) ke kuka don ka kai shi maƙura. SM7B dainamik ne, wato irin makirufon da ba ya buƙatar wuta, siginarsa ba ta da ƙarfi, yana son ƙarin kusan desibel 60 (ma'aunin ƙarfin sauti) kafin murya ta zauna. Aikin ƴan na'urorin nan da ake sakawa a tsakiyar waya ke nan: Cloudlifter CL-1 na ƙara har desibel 25, FetHead 27, DM1 Dynamite na kamfanin sE kuma 28. Sai ka sassauta maɓallin miksa, ƙarar ta kwanta.

Amma ba sa aiki sai ka danna maɓallin 48V na miksa ko sawunkad, wanda ke tura wuta ta cikin wayar makirufo, don da wutar suke rayuwa. Wani yaro ya taɓa kawo mini nasa rai a ɓace, wai jabu aka sayar masa, ashe maɓallin ne bai danna ba. Kuma su ke shanye wutar, ba ta isa ga makirufo, saboda haka in makirufo irin kondensa, mai buƙatar wutar nan, ka jona, shiru za ka ji.

Inda na yi kuskure shekarar farko shi ne wurin sakawa. Na liƙa FetHead a jikin miksa, alhali wayar ta taho kusan mita 20 daga gaban malam, tana bin bango tare da wayar janareta. Duk gurnanin da ta kwaso a hanya, shi na ƙara wa ƙarfi. Da na mayar da shi gindin makirufon kansa, siginar ta yi ƙarfi tun kafin ta shiga doguwar waya, sai gurnanin ya koma can ƙasa. Don Allah ka riƙe wannan.

Kada kuma ka sa rai zai kashe maka fanka ko hon ɗin adaidaita sahu. Duk abin da makirufo ya ji, tare zai ɗaga shi da muryarka. Kafin ka kashe kuɗi, matso da baki. In ka rage tazara da rabi, ka samu kusan desibel 6 kyauta, murya kuma ta danne hayaniyar ɗaki. Ni faɗin yatsu huɗu nake bari.

Batun gyaran murya, fara da abin da ke hannunka. A bayan SM7B akwai maɓallai biyu, ɗaya na rage bes, wato kaurin murya, ɗaya na fito da tsakiyar murya. Wutarmu hez 50 take kaɗawa, wato sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa yanke abin da ke ƙasa da 80 ko 100 ke rage gurnani. Shure A15HP, ƙaramin matacin sauti da ake jonawa a waya, aikinsa ke nan. Cloudlifter CL-Z kuma yana da maɓallin canza nauyin da yake ɗora wa makirufo, daga om 150 zuwa 15,000, in ka ɗaga za ka ji muryar ta buɗe. Sai dai a yi hankali da mai kakkaurar murya, na taɓa yanke wa alarammanmu bes har karatun ya koma kamar ta wayar tarho, raina bai so ba.

Faɗa mini sawunkad ɗin da kake amfani da shi. In Scarlett 2i2 ne zubi na huɗu, yana kai desibel 69, ba ka buƙatar ƙarin komai, ka duba wayarka tukuna.