Fadar Conwy: kango ne kawai ko akwai abin gani?

Tambaya: Salam Malam. Ina karatu a Liverpool, abokaina sun shirya zuwa arewacin Wales ganin tsohuwar fadar Conwy, ni kuma a hoto banga komai ba sai duwatsu ba ko rufi. Ya cancanci kuɗin jirgin ƙasa kuwa? In naje me zan duba?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan uwa. Kaje, amma ka cire ran ganin gadon zinare da labule, don wanda ya gina wajen ba hutu ya kaishi ba, yaƙi ne. Sarkin Ingila Edward na ɗaya ne ya ci Wales da yaƙi, aka kashe yarimansu Llywelyn a ƙarshen 1282, shi kuma ya san mutanen nan bazasu kwanta ba, sai ya fara jera fadoji a bakin teku, Conwy da Caernarfon da Harlech duk a 1283 aka fara su, Beaumaris ta biyo baya a 1295 kuma har yau ba'a gama ta ba don kuɗi sun ƙare, yaƙin Scotland ya cinye. Conwy cikin kusan shekara huɗu aka tsayar da ita haɗe da ganuwar garin, fam dubu 15 na wancan zamanin, wanda ba ƙaramin kuɗi bane wallahi.

Abu na farko, tun kafin ka shiga ka tsaya ka kalli inda aka ɗora ta. Kan dutse take a bakin kogi dab da teku, kuma da gangan ne, ko 'yan Wales sun tare duk hanyoyin tudu abinci da sojoji zasu shigo ta jirgin ruwa. Wannan dabarar ta ceci Edward da kansa, don a boren da 'yan Wales suka yi ƙarƙashin Madog a 1294 zuwa 1295 a cikin Conwy ɗin nan aka ritsa dashi cikin hunturu. A Harlech ma akwai matakala doguwa da ta gangara har ruwa, sai dai yanzu tekun ya ja baya, zakaga matakalar ta sauka kan ƙasa kawai.

Sai ka shiga kamar kai ne ɗan hari. Hasumiya takwas gareta, kowacce ta turo ciki waje daga bango, saboda duk wanda ya matso gindin bango mai baka na ganinsa ta gefe. Tagogin nan sirara da zakace ko hannu baya shiga, leƙa ta ciki kaga yadda suke da faɗi, maharbi yana da wajen juyawa, na waje kuma sai dai ya harbi tsaga. Shi yasa sojoji kusan 30 kacal aka ajiye su tsare duk wannan ginin.

Abin da nafi so mutane su gani, kuma yawanci wucewa suke, ƙananan ramuka ne a jikin hasumiyoyin daga waje, suna hawa a karkace suna zagaye ginin. Nan magina suka soka katakon da suka yi hanyar hawa da ita suna jan dutse zuwa sama. Salon ƙasar Savoy ne, can wajen tsaunukan Alps, inda babban maginin Edward wato James na St George ya fito. Kuma wannan launin toka da kake gani ba haka take ba a da, farar ƙasa aka shafe ta da ita, fara tas ake hangota daga nesa.

Maganar rufi kuma, ba makami ne ya cire shi ba. A 1665 mai wajen na lokacin yasa aka kwashe darma da ƙarfe da katako, daga nan ruwan sama ya ƙarasa aikin. Duk da haka ɗakunan sarki na ciki suna nan da murhunsu da ɗan ɗakin ibada, akwai rijiya mai zurfi a tsakiya itama.

Kada ka tsaya a fadar kaɗai, hau ganuwar garin, tsawonta ya ɗan haura kilomita ɗaya da hasumiya 21. Bambancinta da badalar Kano shine, ta Kano mutanen gari take karewa, wannan kuwa baƙi 'yan Ingila aka zuba a ciki, 'yan ƙasar aka barsu a waje. Ka duba kusa da ƙofar Mill, akwai bandakuna 12 a jere sun leƙo daga saman bangon.

Duk wannan tsaron kuma a 1401 da wayo aka ƙwace ta, ranar Juma'ar Ista sojoji suna coci, mutanen Rhys da Gwilym 'ya'yan Tudur, 'yan tawayen Wales, suka shigo, ance da sunan kafinta ne, suka kashe masu gadi biyu suka riƙe fadar kusan wata uku.

Cadw, hukumar wuraren tarihi ta Wales, ce ke kula da wajen, ka duba shafinsu don lokacin buɗewa da kuɗin tikiti, tashar jirgin ƙasa kuma cikin garin take, da ƙafa zaka ƙarasa. Ka sa takalmi mai riƙo, matakalar hasumiya a murɗe take ga santsi in anyi ruwa, Wales kuwa ruwa baya mata wuya, don haka rigar ruwa ma kar ka barta a gida.